Fuskar da Ta Dusashe

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Hoto ake ce masa, tun yana da sumar tajewa har ya wayi gari babu abin tajewa. Shagonsa na tsakanin na tela da na mai gyaran agogo, ɗaki biyu, na gaba da na ƙurya. A na gaban akwai labule mai zanen teku da jirgin ruwa, da wata kujera mai hannu wadda rabin unguwar suka taɓa zama a kanta suna ƙame wuya, suna jiran ya ce kada a ƙifta. Tun da waya ta shiga aljihun kowa kujerar nan ta samu hutu, sai kyanwar tela ke barci a kai. Abin da ya hana shagon rufewa shi ne aikin ɗakin ƙurya, wato gyaran tsofaffin hotuna da hannu.

Tebur ne a gindin taga. A kansa akwai gilashin ƙara girma mai ƙafa, da fensirori da ya fere har tsininsu ya kai na allura, da buroshi waɗanda za ka iya ƙirga gashinsu, da ƙananan kwalabe bakwai na tawadar da ya tsinka da ruwa, daga baƙa wuluk har zuwa wadda in ka ɗiga a takarda sai ka rantse ruwa ne zalla. Ba ya aiki da fitila. Daga lokacin da rana ta haye rufin benen da ke kallonsu zuwa lokacin da ta bar tagar, shi ne lokacinsa. Bayan nan, ko da wa ka zo, sai gobe.

Mutum ne mai sauƙin kai, in ban da a kan kalma ɗaya. A nan kam ba ya ɗaukar wargi. Sai mutum ya shigo da hoto a cikin leda, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, hoton mahaifina ne ya lalace."

Sai ya karɓa da hannu biyu, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Bai lalace ba."

"To, ya koɗe."

"Riga ce?"

Daga nan mai hoton ya shiga uku, don sai ya sha karatu kafin a taɓa masa aiki. "Zauna ka ji, ɗana. Lalacewa, ruwa ne ya zuba ko ɓera ya ci. Koɗewa ta tufa ce, rana da sabulu suka haɗa kai suka cinye ta, ka san masu laifin. Gogewa kuwa hannu ne ya yi. Wannan naka dusashewa ya yi. Ita dusashewa babu wanda ya yi ta. Babu ranar da za ka nuna ka ce yau ta fara. Kullum ka duba yana nan kamar jiya, kullum kamar jiya, sai wata rana ka ɗaga ido ka ga mahaifinka ya yi maka nisa. Amma abin da ya dusashe bai tafi ba tukuna, a kan hanya yake. Shi ya sa in an yi dace ake iya kiransa ya waiwayo."

Samarin layin ba su saba jin kalmar a bakin kowa ba sai shi, sai suka mai da ta abin tsokana. In lemon kwalba ya salance su ce ya dusashe. In ƙungiyar ƙwallonsu ta sha kashi su ce ta dusashe. Tela ma, wanda ya kamata a ce ya girma, in ya leƙo da safe sai ya ce, "Baba Dusashe, an tashi lafiya?" Shi kuwa ko a jikinsa. Abin da ba su sani ba, ba a wurin maigidan da ya koya masa aiki ya samo kalmar ba. A bakin mai ɗakinsa ya tsince ta. Ita ce in batirin rediyo ya yi sanyi takan ce, "Ka ji muryar mutumin nan ta fara dusashewa, ka sayo masa abinci." Ta rasu ta bar masa kalmar da 'yar shekara biyu, ya riƙe su duka da kyau.

Yana da doka ɗaya a aikinsa, kuma duk wanda ya taɓa kawo masa hoto ya san ta. Kusa da teburin akwai wata 'yar kujera marar jingina. Ba ya ɗora buroshi a fuskar mamaci sai wani wanda ya san mamacin ido da ido ya zauna a kujerar nan yana kallon hannunsa. Mai shaida yake kiran mutumin. In ya ja layin gira sai ya tsaya ya ce, "Haka take?" In mai shaida ya ce ta fi haka kauri, ya ƙara. In ya ce bai tuna ba, sai ya bar wurin yadda ya same shi. An sha yi masa magiya, "Baba, ai kai gwani ne, ka cike kawai." Ya ce shi ba ya ƙara wa mutum abin da ba a gani ba, don hannu maƙaryaci ne, abin da ya saba da shi yake zanawa. Akwai matar da ta yi tafiyar yini guda ta ɗauko kakarta mai shekara tamanin, don kawai ta zauna a kujerar nan ta faɗi yadda kunnen wani mutum yake. Matar ta yi ta mita, amma da ta ga aikin sai da ta yi hawaye.

Hoto ɗaya ne a duniya ya gyara babu mai shaida, shi ne na matarsa.

Abin dariya, matar mai hoto ba ta son hoto. Shekara huɗu suna tare, in ya ɗago kyamara sai ta rufe fuska da gyale ta ce ya je ya ɗauki masu kyau. Sau ɗaya ya same ta. Ranar ya sayo sabuwar kyamara mai ƙafa uku yana neman abin gwaji, ita kuma ta kawo masa abincin rana, tana tsaye a bakin ƙofar shagon da kwano a hannu tana dariya, sai ya danna. Da yake gwaji ne, da ya zo wanki bai bar takardar ta daɗe a ruwan maganin da ke kama hoto ba, ya tsame ta da wuri ya shanya, yana sauri ya ga ko kyamarar na da kyau. Ya san sarai hoton da aka yi wa haka ba ya daɗewa. Amma wa ke tunanin daɗewa yana da shekara talatin, matarsa na gida lafiya lau? Fim ɗin kyamarar kuma, wanda da shi ake sake wanke hoto, damina ta biyu bayan rasuwarta rufi ya yi yoyo a kan akwatin da yake ciki, ya manne ya zama ba abin moruwa. Sai takardar nan ɗaya, da ba ta fi tafin hannu ba.

Ya sa ta a firam ya rataye a bangon da ke fuskantar teburinsa, inda rana ba ta kaiwa. Shekara biyar bai ga komai ba. Wata safiya ya ɗaga ido ya dubi bangon. Kalmar da yake koya wa mutane ta shigo har ɗakinsa. Gefen kumatunta ya fara haɗewa da hasken ƙofar, girarta ta yi ruwan toka.

Mai gyaran agogo ya ba shi shawara mai kyau. Ya ce ya kafa kyamara ya ɗauki hoton tun da sauran abin ɗauka, ya wanke guda goma ya adana. Mai Hoto ya yi fuskar shanu. Ya ce hoton hoto ba hoto ba ne. Wannan takardar ita ce ta riƙe da hannunta ta yi tsaki ta ce ya mai da ta kamar mai tallan abinci, ita zai riƙe. Kuma in ya iya dawo da iyayen mutane da kakanninsu, matarsa ce za ta gagare shi? Gaskiyar magana taurin kai ne da jin kai gwani ne, sai dai an kwaɓa su da so, shi ya sa babu wanda ya iya yi masa musu.

Sai ya sauke firam ɗin, ya kwantar da takardar a ƙarƙashin gilashi, ya taɓa girar da tawada mafi tsinkewa. Ɗigo kaɗan ne. Bai ga dalilin kiran mai shaida ba. Wa ya fi shi saninta? Iyayenta sun rasu, ƙanwarta ɗaya tak ta bi miji wata ƙasa mai nisa tun bayan zaman makoki. Shi ne mai aikin, shi ne shaidar. Daga nan abin ya zame masa jiki. Duk shekara, in ya ga wani wuri ya yi rauni, sai ya ware safiya ɗaya ya taɓa. Bana haɓa, baɗi gefen hanci, wata shekarar goshi. Bai taɓa yin abin da ya wuce faɗin ƙwayar shinkafa a zama ɗaya ba.

Ita kuwa 'yar, a shagon nan ta tashi. Bai ƙara aure ba. An yi maganar har an gaji, shi dai ya ce yana da aiki. Yayarsa ce ke riƙe yarinyar da rana tana ƙarama, da ta shiga makaranta kuwa daga aji sai shago. A ɗaya gefen teburin take baje littattafanta, ta tallafe haɓa tana cizon biro, hasken tagar na sauka a fuskarta. In hutu ne tun safe tana nan, tana fere masa fensir tana karya masa tsini. 'Yar Baba yake ce mata, har ta girma ta kama aiki a kantin magani, har ta yi aure a layi na uku daga nasu, sunan bai canja ba.

Tun tana 'yar shekara goma sha biyu masu kawo aiki suka fara cewa, "Kai, yarinyar nan da mahaifiyarta kamar an tsaga kara." Su dubi bango, su dube ta, su girgiza kai. Tana ƙara girma kamar na ƙara fitowa. Ita kuma ba abin da take so a duniya kamar wannan magana. Sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, ta ƙi tashi daga wurin har sai an sake faɗa. Shi ma daɗi yake ji. Yakan ce a ransa Allah ya ɗauke masa ɗaya ya bar masa kamarta.

Tana da shekara ashirin da takwas, da cikin fari wata bakwai, ƙanwar mahaifiyarta ta dawo. Mijinta ya ajiye aiki, sun tattaro sun dawo gida gaba ɗaya. Shekara ashirin da shida sai dai murya a waya. Inna yarinyar take ce mata. Mace ce gajera mai ƙiba, mai jaka kamar ta matafiya ko da maƙwabta za ta shiga, bakinta kuma ba shi da birki. Washegarin saukarta 'yar ta rako ta shagon da hantsi.

Tun daga bakin ƙofa ta fara. "Mijin yaya! Ashe kana nan da ranka? Ina sumar?"

Ya ce, "Ke ta bi. Tun da kika tafi ba ta dawo ba. Na ga dai can inda kika je ba a yunwa."

Suka yi dariya, suka yi kuka kaɗan, suka sake dariya. Ta zagaya ɗakin gaba tana taɓa labulen teku, tana cewa har yanzu jirgin nan bai isa ba. Sannan ta ce, "To ina hoton yayata da yarinyar nan ta cika min kunne da shi a waya? Ta ce ka hana ko ɗauka a yi a turo min."

'Yar ta ja hannunta zuwa ƙurya, ta tsaya a gaban bangon tana murmushi, har ta ɗan gyara tsayuwa don a ga kamar da kyau. Inna ta lalubo tabarau a jaka ta saka, ta matsa, ta duba.

"A'a, ba naki ba. Na yayata nake nufi."

"Inna, ai shi ne."

"Wane shi ne? Ke dai Babanki ya sa miki gyalen mutanen da ya ɗauke ki." Ta ƙara matsawa har numfashinta ya taɓa gilashin. "Gyalen nata ne, na san shi, ni na saya mata. Kwanon ma na gane shi. Amma yayata doguwar fuska gare ta, haɓarta siririya. Wannan faffaɗan goshin fa? Wannan hancin? Mijin yaya, wannan ai hancinka ne! Yarinyar nan kai ta ɗebo tas, tun tana jaririya muke yi wa yaya tsiya ta sha wahala ta haifo mijinta. Yanzu hancinka ka ɗauka ka manna wa yayata?"

Ta fashe da dariya, ta juyo don a taya ta. Babu wanda ya taya ta. 'Yar ta dafa bango. Shi kuma yana tsaye da buroshi a hannu. Inna ta cire tabarau a hankali. Can ta ce wataƙila idonta ne, tsufa ne, hanya ce ba ta sake ta ba. Amma magana ta riga ta fita.

Da suka tafi ya sauke firam ɗin. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ƙaramin hoton da shi da kansa ya ɗauki 'yarsa lokacin da take neman aiki, ya jera su a ƙarƙashin gilashi. Bai buƙaci gilashin ba ma. Goshi ɗaya, hanci ɗaya, har ɗan lotsawar da ke gefen bakinta na hagu in tana cizon biro. Shekara ashirin da ɗoriya yana ɗaga ido daga takardar don ya huta, abin da idon ke sauka a kai shi ne yarinyar da ke zaune a gabansa, hannu kuma ya yi ta kwasa yana zubawa. Abin da yake faɗa wa mutane kullum shi ya same shi.

Sai ya rufe ido ya ce bari ya kira fuskar matarsa da kansa, ba da takarda ba. Muryarta ta zo. Ƙamshin sabulun da take wanki da shi ya zo. Yadda take jan takalmi ɗaya in ta gaji, har ƙarar ya ji. Da ya zo fuska sai 'yarsa ta leƙo. Ya kore ta ya sake kira, ta sake leƙowa. Nan ya gane ba a takarda kaɗai abin ya faru ba, kuma ba zai iya nuna ranar da ya fara ba. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar da aka fita da ita. Tela ya leƙo zai yi tsokanarsa, ya ga yadda yake, ya koma ya rage ƙarar rediyonsa.

Kullum da safe 'yar kan biyo ta shagon a hanyarta ta zuwa aiki, ta tsaya a kansa sai ya haɗiyi ƙwayar hawan jininsa. Kwana huɗu ba ta biyo ba. Mijinta ne ke kawo gaisuwa, yana cewa jiki ne ya yi nauyi. Mai Hoto ya san ba jiki ba ne. Bai taɓa aikin kowa ba a kwanakin nan. Rana ta hau tagar ta sauka, yana zaune. Ba hoton ne ya fi damunsa ba. Yarinyar da ba ta san uwa ba, abu ɗaya ya ba ta a madadinta, ga shi ya tabbata na jabu ne, kuma da hannunsa ya ƙera shi. Tsoronsa kada ta daina yarda da sauran abin da ya faɗa mata duka.

Rana ta biyar ta shigo. Ta gaishe shi kamar kullum, ta ɓallo ƙwayar ta miƙa masa da ruwa, ta jira ya haɗiye. Sannan ta zauna a tsohon wurinta, a ɗaya gefen teburin, da ƙyar saboda cikin.

"Baba, ka san me nake yi tun ina ƙarama in na yi kewarta?"

Ya girgiza kai.

"Madubi nake dubawa. In ce ga ta nan. Ranar aurena ma sai da na tsaya na daɗe, na ce ta zo." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ashe kaina nake ta gaisarwa."

"'Yar Baba, wallahi ban yi da gangan ba."

"Na sani. Da gangan ai da ka ba ta hancin da ya fi wannan kyau."

Ya ce, "Na karya dokata. Kowa na sa ya kawo shaida, ni na ga na fi ƙarfin haka. Kuma akwai abin da ya fi wannan, gara ki ji daga bakina. Ko yanzu kika ce in zana miki ita, ba zan iya ba. Na neme ta a kaina ban same ta ba. Ke nake samu."

Ta daɗe tana kallon takardar da ke tsakaninsu. Ta ce, "Me ke ƙarƙashin tawadar?"

"Ban sani ba. Wataƙila inuwa. Wataƙila babu komai, farar takarda. Tawadar ruwa ce, da auduga mai laima za ta fita. Amma in ta fita ba ta dawowa. Yanzu ko ba komai kina da fuska a bango. In na wanke, mai yiwuwa ki tashi da hannu biyu babu ko ɗaya."

"Wannan fuskar ina da ita a gida, Baba, kullum da ita nake kwana." Ta shafa cikinta. "Wannan in ya zo ya tambaye ni kakarsa, so nake in nuna masa nata, ko ɗan yaya ne. Ka wanke."

Ya ce to, amma ba yau ba, kuma ba su biyu ba. Sai an zo da mai shaida.

Washegari tun kafin rana ta haye benen Inna ta iso, ba surutu, ba tsokana, jakar ma ƙarama ta riƙo. Ta zauna a 'yar kujerar marar jingina, ta cika ta har ta yi yawa. 'Yar ta tsaya a bayan mahaifinta. Ya naɗa auduga a kan tsinken ashana, ya tsoma a ruwa, ya matse a bayan hannunsa har sai da ta kusa bushewa.

Daga haɓa ya fara. Audugar ta yi baƙi, ya jefar, ya naɗa wata. Faffaɗar haɓar ta narke, a ƙarƙashinta wani siririn layi ya bayyana, can ciki, mai rauni kamar zanen fensir da aka goge.

"Haka take?" in ji shi.

Inna ta ce, "Ita ce. Haɓar babanmu ce."

Ya hau kumatu, ya hau goshi. Audugar da ya jefar ta taru a gefen tebur, aikin shekara ashirin. Wani wurin a samu ɗan layi, wani wurin babu komai sai hasken takarda. Hancin ya tafi gaba ɗaya, ba a samu ko alamarsa ba. Inna ta buɗe baki za ta yi magana a kan hancin, ta tuna, ta rufe. Bakin ya ɗan rage, ana iya gane dariya ce, dariyar da ta fi wadda ya zana faɗi. Fuskar da ta saura doguwa ce, siririya, ta yi nisa ƙwarai, irin yadda ake hango mutum ta bayan labule mai shara-shara.

Saura idanu. A nan ya tsaya. Su ya fi taɓawa a shekarun nan, don su ne yake ɗaga kai ya haɗa ido da su kowace safiya. Manya ne, baƙaƙe, suna kallon duk wanda ya zauna a kujerarsa kai tsaye. Ya san in ya wanke su babu sauran mai kallonsa a ɗakin. 'Yar ta ɗora hannu a kafaɗarsa. Ya naɗa sabuwar auduga.

Da tawadar ta fita, ɗigo biyu suka rage, masu ruwan toka, amma sun fi komai na fuskar fitowa. Sai dai ba a tsakiya suke ba. Sun gangara ƙasa, sun karkata hagu.

Inna ta gyara tabarau. "Ikon Allah. Ba kai take kallo ba, mijin yaya. Me take kallo a ƙasa haka?"

Ya sunkuya a kan gilashin. Kowace shekara ashe yana matso da ƙwayar idon da faɗin gashi ɗaya, yana juyo da ita wajensa, har ta juyo gaba ɗaya. Ya bi inda ɗigon biyu suka nufa da ido, ya fita daga takardar, ya sauka ƙasa. Sai ranar ta dawo masa, ba fuskar ba, ranar. Kwanon yana da zafi, sai da ta kama shi da hannu biyu. Don haka ta sauke abin da ke kafaɗarta a bakin ƙofa. Abin kuwa ya rarrafo da gudu ya kama ƙafar kyamarar ta hagu yana jijjigawa, yana neman kayar masa da sabon kaya. Shi yana ta cewa ki dube ni, ki dube ni mana, ita ko ta kansa ba ta bi ba.

Ya ɗago. Ya dubi 'yarsa.

"Ke ce. Kina wata tara, kina rarrafe. Kin kama ƙafar kyamara a nan, ta wannan gefen. Ke take yi wa dariya. Ke take kallo."

Inna ta toshe baki da gefen gyalenta, kafaɗunta na rawa. 'Yar ta zagayo, ta ɗauki takardar da yatsa biyu, ta jingina ta a tsaye da kwalaben tawada a bakin tebur. Sannan ta dafa kujera ta fara durƙusawa.

"Ke, a hankali da cikin nan!" in ji Inna.

Ba ta ji ba. Ta zauna a kan siminti ta gefen hagu, ta miƙe ƙafafu, ta ɗaga kai. Ta ɗan ja jiki baya, ta ɗan karkata.

"Baba, juyo min da ita kaɗan."

Ya sa yatsa ya juya takardar.

"Ƙara kaɗan. Yauwa. Tsaya nan, kada ka motsa."

Bai motsa ba.